Makullin aksul: waya ta fi lantarki

Ya 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai, ga shawara kafin damina. A-kori-kura irin Hilux in ta kafe a taɓo, makullin aksul na baya ke sa tayoyin biyu su juya tare. To, ɗan injin lantarkin da ke tura makullin yana ƙarƙashin mota. Ruwa da laka na shiga sai ya cije, ga gero a hanya, kasuwa na ci. Ni dai a ganina, bakanike ya cire shi, ya sa wayar ƙarfe irin ta birkin hannu. In ta tsinke, ko a ƙauye a gyara. Amma fa a tsaya kafin a ja, a sake kafin hawa kwalta, kar aksul ya karye.