KIMIYYA A GAREJI: Mai tseren mota birki yake fara gyarawa

 Tambayar wannan mako daga Kucheri ta fito, cikin ƙaramar hukumar Tsafe. Wani ɗalibi ɗan aji biyar ke son sanin abin da masu tseren mota ke yi wa inji har motar ke fita kamar kibiya, domin shi ma abin da yake buri ke nan idan ya girma. Allah ya cika buri. Sai dai waɗanda suka san harkar ba daga inji suke farawa ba. Taya da birki da shokazoba suke fara bi, inji shi ne na ƙarshe.

A ƙasashe irin su Ingila da Jamus akwai filayen tsere da aka killace, kamar Silverstone da Nürburgring, wanda tsohon zagayensa ya haura kilomita 20. Akwai ranakun da ake buɗe wa mutanen gari, mutum ya biya kuɗi ya shiga da motarsa ta gida ya gwada ta. Kowa gaba ɗaya ya nufa, babu ɗan acaba, babu akuya, babu yaro mai tsallaka titi. Duk da haka, sabon shiga da ya zo da motar da aka ƙara wa ƙarfin inji aka bar birkinta yadda yake, zagaye kaɗan zai yi ya ji ƙauri.

Dalilin yana cikin littafinku na kimiyyar lissafi. Ƙarfin da ke tattare da abu mai tafiya shi ne rabin nauyinsa, sau gudunsa, sau gudunsa kuma. Ku lura gudun sau biyu ya shigo. Ma'ana idan ka ninka gudu, ƙarfin da birki zai kashe ya ninku sau huɗu. Ɗauki mota mai nauyin kilo 1,200 tana gudun kilomita 100 a awa. Wannan mita 28 ke nan a kowace daƙiƙa. Idan ka buga lissafin za ka samu kimanin jul 460,000, zafin da ya isa ya kai ruwa lita ɗaya da rabi ga tafasa. Birki ba ya ɓatar da wannan ƙarfi, mayar da shi zafi yake yi, ta hanyar goga takalmansa a jikin faifan ƙarfe, cikin daƙiƙa uku ko huɗu. A filin tsere ana yin haka a kowace kwana, babu hutu. Shi ya sa ake sa takalman birki masu jure wuta, a yi wa faifan hanyar shan iska, a kuma zuba sabon mai.

Maganar man birki ita ce ta fi shafar mu a nan gida. Idan direba ya taka birki, man ne ke kai matsin zuwa tayoyi, saboda ruwa-ruwa ba ya matsuwa. Tururi kuwa yana matsuwa. Da zarar man ya tafasa, sai ƙafar direba ta nutse har ƙasa mota na ci gaba da tafiya. Sabon mai mai lambar DOT 4 sai ya kai digiri 230 kafin ya tafasa, amma yana tsotsar laimar iska, idan ya tsufa yakan sauko wajen 155. Yanzu ku auna dabarar nan ta zuba ruwan omo idan mai ya ƙare a hanya. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, ga shi yana sa tsatsa a ciki. Wanda ya ce muku ya yi ya kwana lafiya, sa'a ya taka.

Sai shokazoba. Da yawa sun ɗauka don jin daɗin zama kawai aka yi ta. A'a. Sifirin ne ke ɗaukar nauyin mota, shokazoba kuma ta hana shi yin ta tsalle bayan an faɗa rami. Aikinsu su biyun shi ne su riƙe taya a manne da kwalta. Abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma a kan waɗannan tafuka huɗu ne sitiyari da birki da totur duk suke aiki. Tayar da ke tsalle a sama ba ta jin umarnin kowa. Masu shiga fili sukan sassauke motar ƙasa, su sa sifirin mai tauri don kada ta kwanta gefe a kwana, su ɗan karkato saman tayoyin ciki.

To amma kar wani ya kwaikwayi wannan ya hau hanyar Funtuwa zuwa Gusau. Gyaran mota da hanyar da za ta bi ake auna shi. Ku tambayi kakanninku labarin Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. A wannan shekarar ce 504 ta lashe gasar Safari ta ƙasar Kenya, ta sake lashewa a 1978, alhali akwai motocin da suka fi ta ƙarfin inji. Abin da ya taimake ta shi ne ƙwarin jiki da ƙafafu masu dogon zango, masu haɗiye rami da gargada. A ganina wannan motar ta fi dacewa ta zama malamar yaron Kucheri fiye da duk wata mai jan ciki a ƙasa da ake gani a waya.

Ranar kasuwar Tsafe ku tsaya nesa da titi ku kalli Golf ɗin da aka danƙara wa buhuna har but ya ƙi rufuwa. Bayanta ya zauna, hancinta ya ɗaga. Ita Golf tayoyin gaba ne ke jan ta, su ne ke juya ta, su ne kuma ke yin mafi yawan aikin birki. An ɗauke musu nauyin da ke danna su ƙasa, an kuma ƙara wa birki kayan da zai tsayar. Ga direban yana sauri ya wuce dajin kafin yamma, saboda halin tsaron da kowa ya sani. Ban ga laifinsa a kan tsoron ba, amma lissafin nan ba ya sassauta wa kowa. A gudun 100, kafin ƙafarsa ta isa birki ya ci kusan mita 28, sannan ya ƙara 40 zuwa 55 a kan busasshiyar kwalta da lafiyayyun tayoyi. A gudun 50, wanda dokar hanya ta ƙayyade a cikin gari, tazarar birkin kashi ɗaya cikin huɗu ce kawai.

Daga giyabos zuwa taya akwai wata na'ura mai haƙora da ke ba tayar waje damar juyawa fiye da ta ciki a kwana, tunda tafiyarta ta fi nisa. Masu tsere kan canza ta da wadda ke hana taya ɗaya yin ta juyawa a banza. Giya ma birki ce: idan ka sauko ƙaramar giya, injin da kansa yana riƙe mota. Direban da ke sake mota a firi a gangara don tsimin mai ya bar wa birki aikin shi kaɗai.

Wasan mota da samari ke yi ranar biki, a tsakiyar jama'a, da aron mota da sudaddun tayoyi, ba shi da dangantaka da abin da nake bayani. Can an kashe kuɗi don a raba mota da 'yan kallo, nan kuwa yara ne ke zama shinge. Mai son mota da gaske yana da hanya. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ya yi karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya tafi Detroit a Amurka, inda ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, a 2017 kuma aka naɗa shi shugaban hukumar ƙera motoci ta ƙasa. Ga kwalejin Ƙauran Namoda nan kusa da ku, ga garejin kanikawa da za ku iya leƙawa lokacin hutu da izinin iyaye.

Aikin gida guda biyu. Na farko, ku sake lissafin motar nan mai kilo 1,200, amma a gudun 140, ku ga sau nawa zafin ya ƙaru. Na biyu, ku nemi izini ku duba gefen tayar motar gida ko ta maƙwabta tana tsaye. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan kun ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Ku aiko mana da mafi tsufar da kuka samu, tare da sunan makarantarku.