Sharhi: Yadda kurkukun Kober ya sauya zanen Ibrahim El-Salahi

Gidan yarin Kober da ke Khartoum ta Arewa ya daɗe yana karɓar waɗanda gwamnatocin Sudan ke tsoro. A can aka tsare Omar al-Bashir bayan hamɓarar da shi a 2019, a can ne kuma fursunoni suka fice bayan ɓarkewar yaƙi a watan Afrilun 2023.

Sai dai kaɗan daga cikin waɗanda suka kwana a Kober ne suka bar shaida irin ta mai zane Ibrahim El-Salahi.

An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin makarantar allo ne. Ya yi karatun zane a Landan, aka kuma baje kolin ayyukansa a Ibadan a farkon shekarun 1960. Yana babban jami'i a ma'aikatar al'adu a 1975 gwamnatin Ja'afar Numeiri ta kama shi, bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki. Ya shafe fiye da wata shida a tsare ba tare da an gurfanar da shi a gaban kotu ba.

An haramta wa fursunoni rubutu da zane. Saboda haka yakan yayyaga takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana, ya yi zane da guntun fensir, sannan ya binne a cikin yashi kada masu gadi su gani.

Wannan tilas ita ce daga bisani ta zama salonsa. Bayan sakinsa ya riƙa fara aiki daga ƙaramar takarda guda, yana ƙara wasu a gefenta har hoton ya girma. Haka ya haɗa fitaccen zanensa The Inevitable, mai ɓangare tara, tsakanin 1984 da 1985. Ya kuma daɗe yana aiki da baƙin tawada a kan farar takarda kawai.

A 1976, yana cikin ɗaurin talala, ya cika wani littafi da zane da rubutun Larabci kan abin da ya gani. Muhimmancin littafin ya wuce na fasaha: wanda aka tsare ba shari'a ba ya da takardun kotu, don haka abin da hannunsa ya zana shi ne kundin shari'arsa.

Amma 'yancin nasa ya zo da hijira. Ya koma Qatar a 1977, daga baya ya zauna a Oxford ta Ingila. Gidan adana zane na Tate Modern ya karrama shi da babban baje koli a 2013.

A nan gizo ke saƙar. An wawashe gidan tarihin ƙasa na Khartoum a yaƙin da ya fara a 2023, yayin da littafin El-Salahi ya tsira a New York. Shaidar ta kuɓuta, amma ta yi nisa da mutanen da ta fi shafa.