Ƙibar Masu Goyo A Fagge Da Sabon Gari: Da Wane Harshe Za A Yi Musu Nasiha?

Kwanakin baya na raka wata ƙanwata Kantin Kwari domin sayen atamfa, wata biyar bayan haihuwarta ta uku. Muna cikin ciniki sai ga wata dattijuwa, ƙawar mahaifiyarmu, ta dube ta sama da ƙasa ta ce: "Ke 'yar nan, haka kika murje? Lallai angon ƙarni yana ji da ke." Ƙanwar tawa ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta ce: "Alhamdu lillahi, Gwaggo." Ni kuwa na yi shiru, domin na san abin da Gwaggo ba ta sani ba: tun a wurin awon ciki aka ce jininta ya hau, kuma daga haihuwar fari zuwa yau babu rigar lefenta ko ɗaya da ke shigarta.

Ni ba likita ba ne, nazarin harshe na karanta, shi nake koyarwa a jami'a. Amma wannan gaisuwa ta tabbatar mini cewa wani babban ɓangare na matsalar a bakinmu yake. Mai karatu ya duba yadda Bahaushe ke sarrafa kalmomin nan. Idan aka ce mace ta yi ƙiba, ko ta murje, ko ta yi ɓulɓul, ko hutu ya karɓe ta, duk yabo ne, kuma rabin yabon na mijinta ne. Idan kuwa aka ce ta rame, ko ta zube, ko ta lalace, to jaje ake yi mata, a kaikaice kuma ana tuhumar maigidan. A shekarun da cutar ƙanjamau ta fi tsorata jama'a, rama ta ƙara ɗaukar wata mummunar ma'ana wadda har yau ba ta gama wankuwa ba. Kalmar teɓa ce kaɗai ke ɗauke da zargi, ita kuma ta zolaya ce, babu ma'aikaciyar jinyar da za ta faɗa wa mai jego ita a rabu lafiya. Saboda haka duk wanda ya fassaro nasihar Turawa kai-tsaye ya ce wa matar Fagge "ki rage ƙiba", abin da kunnenta ya ji shi ne "ki koma kamar wadda ba a kula da ita".

Na san wani zai ce, Malam, a wannan marra da talaka ke neman abin da zai kai bakin salati, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a 2023, maganar ƙiba ai izgili ce. Wannan ƙorafi yana da nauyi. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa abin ya haura rabi. To amma shi dai wannan binciken ya nuna kashi 28 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, kuma abin ya fi yawa a birane. Hasali ma a gida ɗaya ana iya samun yaro mai tamowa da uwa mai nauyin da ya wuce misali, kuma tukunya ɗaya ce ta haifar da su duka biyun. Abincin da ya fi araha wajen cika ciki shi ne garin kwaki da taliya da burodi da shinkafa da mai da yaji, sai shayi mai zaƙi a kora. Irin wannan ci yana tara wa babba kitse, ya bar yaro ba abin gina jiki.

Sannan a dubi yadda rayuwar matar birni ta sauya. Kakanninmu sun yi daka da surfe da niƙa da jan ruwa a rijiya, kunun da aka ɗura musu lokacin jego ya ƙone a bakin turmi. Jikarsu da ke haya a ɗaki ɗaya a lungun Fagge ko Sabon Gari tana aika niƙa inji, ruwa 'yan garuwa ke kawowa, sana'arta kuwa ta zaune ce: suyar awara ko waina, kitso, ɗinki, ƙullin kayan miya. Idan za ta unguwa, A Daidaita Sahu na bakin titi. Ba ta huta ba, gajiya ce ma ke kwantar da ita, sai dai gajiyar ba ta motsa jini. A haka ciki ke zuwa bisa ciki, kowace haihuwa ta bar mata ɗan saura, kafin ta kai shekara 35 hawan jini ko ciwon sukari ya yi sallama, a gidan da ba a iya sayen maganin wata guda ba tare da an ci bashi ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne waɗanda ke sayen ƙibar da kuɗinsu. Sanin kowa ne akwai ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda galibi deksametason ne, ko kuma siproheftadin mai buɗe ciki da sa barci. Na farkon magani ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa bisa ƙa'ida, wanda idan aka daɗe ana sha yakan kumbura fuska, ya ɗaga sukari da jini, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. A watan Fabrairun 2024 hukumar NAFDAC da majalisar kula da harhaɗa magunguna sun rufe shagunan magani sama da dubu a yankin Sabon Gari, aka umarci 'yan kasuwar su koma sabuwar cibiyar da ke Dangwauro. Wannan mataki ya shafi wurin sayarwa ne. Buƙatar kuwa tana nan muddin mai goyo na tsoron ranar biki a ce ta rame.

Shin nasiha tana aiki kuwa? A nan ya kamata a faɗi gaskiya. A ƙasar Ostireliya an gwada wani shiri da ya tara iyaye mata a makarantun firamaren 'ya'yansu, aka yi musu 'yan zama kaɗan, ana bin su da saƙon waya, sakamakon da aka wallafa a 2010 ya nuna bambancin kimanin kilo 1 a shekara tsakaninsu da waɗanda ba a yi wa ba. A jihar Mishigan ta Amurka kuwa, wani shiri makamancinsa da aka yi wa iyaye mata masu ƙaramin ƙarfi bai nuna wani bambancin a zo a gani a ma'aunin nauyi ba. Abin da na fahimta shi ne, talauci da ɗawainiyar yara suna iya cinye nasiha komai kyanta, kuma burin da ake iya cimmawa ƙarami ne: a hana ƙaruwa. Kada a raina kilo 1, domin a shekara 10 ya zama 10.

To, ina za a same su? Ba sai an gina komai ba. Kowace uwa da ke bin ƙa'idar rigakafi tana zuwa asibitin sha-ka-tafi a sati na 6 da na 10 da na 14, ta dawo a wata na 9 da na 15. A duk zuwan nan jariri ake ɗorawa a sikeli, ita kuwa da ta goyo shi ba a ko tambayarta. Me zai hana Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Jihar Kano ta sa a riƙa auna nauyin uwa da jininta a rubuta a kati, a yi mata magana ta minti biyar? Ga kuma matan unguwa da suka bi gida-gida a yaƙin shan inna, ga Islamiyyun matan aure, ga ƙungiyoyi irin su FOMWAN. Mata su biyar su taka da ƙafa zuwa Islamiyya su dawo, minti 30 sau biyar a mako, sun cika minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke faɗa, ba tare da kowa ya ce sun zubar da mutunci ba.

Amma fa a gyara lafazin. Awon da likitoci ke yi na nauyi da tsawo bai da wata ma'ana a kunnen wadda ba ta yi boko ba. Abin da ta sani shi ne tef ɗin tela. Masana sun ce ƙugun mace idan ya haura santimita 88, wato kusan inci 35, haɗarin ciwon sukari da na zuciya ya ƙaru ƙwarai, kuma babu telan Fagge da bai san inci 35 ba. Haka nan maimakon giram, a yi magana da cokali: iyakar sukarin da aka shata wa baligi a yini kimanin cokalin shayi 12 ne, kwalbar lemo ta rabin lita kuwa takan cinye wannan kason ita kaɗai. Gishiri kada ya kai cikin cokalin shayi ɗaya a yini, a lissafa har da na dunƙulen ɗanɗano da kanwar kunu. Kada a ce da mai shayarwa ta rage ci, wannan ganganci ne. A ce ta sauya, ta ƙara wake da zogale da rama da gero, waɗanda duk a kasuwar Sabon Gari ake auna su. A ajiye kalmar ramewa gaba ɗaya, a yi mata zancen ƙarfin jiki da sauƙin numfashi da gwiwar da za ta ɗauke ta har aurar da wannan jaririn.

Saura mu maza. A yawancin gidajen nan maigida ke yin cefane, shi ke shigowa da ledar lemo da burodi da daddare a matsayin tsaraba, uwarsa ko surukarsa kuma ke tsara abincin jego. Nasihar da ta tsaya a kan matar kaɗai ta bar masu riƙe da aljihu da ludayi a waje. Dubban magidantan Fagge a Kwari suke yini, daga mai shago har ɗan dako, kuma kasuwar na da shugabanni da masallatai da lasifika. Wata ɗaya bayan waccan gaisuwa na sami mijin ƙanwata a shagonsa na yi masa wannan magana, ya saurare ni tsaf, sannan ya ce shi bai ƙi ba, amma in fara zuwa in shawo kan Gwaggo.