Tallafin Taki da Lokacin Damina

Limancin Kona, da ke cikin birnin Zazzau, unguwa ce da ta yi suna wajen malanta, amma magidanta da dama a cikinta da noma suke riƙe gida. Gonakinsu suna bayan ganuwa, inda suke shuka masara da dawa. Da yake ƙasar ta gaji da noman shekara da shekaru, ba ta ba da amfanin kirki sai da takin zamani. Saboda haka batun tallafin taki ya shafi tukunyar gidajensu kai tsaye.

Gwamnatocin Nijeriya sun daɗe suna ba da wannan tallafi. Ya bunƙasa ne daga 1976, lokacin shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Obasanjo. A 2012, ministan aikin gona Akinwumi Adesina ya ɓullo da tsarin aika wa manomin da ya yi rajista saƙo ta wayar salula, ya je ya karɓi buhu 2 a kan rabin kuɗi. A ƙarshen 2016 kuma, gwamnatin Buhari ta ƙulla yarjejeniya da ƙasar Maroko, aka sa farashin buhu a kan naira 5,500.

Duk waɗannan tsare-tsare rangwame suka fi mayar da hankali a kai, alhali kuwa babban abin da ke damun manomi shi ne lokaci. A ƙasar Zazzau ruwa yakan sauka a watan Mayu, a yi shuka zuwa Yuni. Masara tana son takin farko cikin mako 2 da shuka, na biyu kuma wajen mako na 6. Takin da ya iso a watan Agusta ihu ne bayan hari. Kafin nan manomi ya riga ya ci bashi ya saya a kasuwa, ko kuwa ya zuba ido masararsa ta yi rawaya. Idan kaka ta zo da ƙarancin amfani, abincin gida da kuɗin makarantar yara su ne ke fara taɓuwa.

Wasu na ganin gara a soke tallafin baki ɗaya, tun da ’yan siyasa da ’yan kasuwa ne suka fi cin moriyarsa. Ƙorafin nasu yana da tushe. Sai dai da aka janye tallafin a 1997, amfani da taki ya ragu ainun, har aka maido da shi a 1999.

Gyara ya kamata a yi. A kammala rajistar manoma tun da rani, tare da shaidar masu unguwanni da limamai, waɗanda suka san mai gona na gaskiya. A kafe sunayen inda kowa zai gani, sannan taki ya iso mazaɓa kafin ƙarshen watan Afrilu. Buhu ɗaya kafin saukar ruwa ya fi wa manomin Kona amfani a kan buhu 3 bayan masara ta yi goyo.