Wa Ya Cancanci Horo? Tambaya Daga Gidajen Yarinmu

A shekarar 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mai da hukumar gidajen yari ta Nijeriya hukumar gyaran hali. Suna ya sake. Amma 'yan'uwa cikin Kristi, tsohuwar tambaya tana nan: me ya ba hukuma ikon tsare ɗan Adam, ko ɗauke ransa?

Masana falsafar shari'a sun rabu a kan wannan. Immanuel Kant, Bajamushe da ya rasu a 1804, ya koyar cewa ana hukunta mutum domin ya yi laifi, kuma daidai nauyin laifinsa, ba domin a yi amfani da shi a tsorata wasu ba. Jeremy Bentham na Ingila, wanda ya rasu a 1832, yana ganin horo wahala ce, ba ta halatta sai in za ta hana ɓarnar da ta fi ta. Wasu kuma suka ce manufar ita ce gyara mai laifin.

Littafi Mai Tsarki bai hana hukunci ba. A Romawa sura 13 Manzo Bulus ya nuna cewa Allah ne ya ɗora wa mahukunta aikin horon mugu. Amma a Farawa sura 4, Allah ya hukunta Kayinu, sa'an nan ya sa masa alama don kada kowa ya kashe shi. Adalci da jinƙai tare suke tafiya.

To, ga inda gizo ke saƙar. Shekara da shekaru alƙaluman hukumar kanta suna nuna cewa kusan kashi 2 cikin 3 na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauke su marasa laifi har kotu ta tabbatar. Mutumin da ya shekara 5 a kulle kan tuhumar da hukuncinta bai kai haka ba, wace hujja ce ta rufe shi? Ba sakayya ba ce, gama ba a same shi da laifi ba. Ba gyara ba ne, gama sau da dama yakan fito da mugun halin da bai shiga da shi ba.

Ekklesiya kada ta tsaya ga kai sabulu da wa'azi ranar Lahadi. Lauyoyin da ke cikin majami'unmu su karɓi shari'un marasa galihu kyauta, dattawa kuma su tsaya wa waɗanda suka sani beli. Ubangijinmu ma an tsare shi ba da laifi ba.