Kuɗin Talabijin Ya Raba Jami'o'in Amurka Da Maƙwabtansu

Ran 4 ga watan Agusta, 2023, jami'o'i biyar na yammacin Amurka suka ba da sanarwa za su fita daga rukunin wasannin da ake kira Pac-12. Oregon da Washington suka nufi rukunin Big Ten, Arizona da Arizona State da Utah kuwa suka nufi Big 12. Kafin su uku sun riga sun yi sallama, bayansu kuma biyu suka bi, har ya zamana daga cikin jami'o'i 12 saura biyu kaɗai, watau Oregon State da Washington State. Rukunin nan tun 1915 asalinsa yake. Ba faɗa aka yi ba, ba kuwa wani laifi waɗanda aka bari suka yi ba. Magana ce ta kuɗin talabijin.

Ya kamata mai karatu ya sani wasan jami'a a Amurka ba irin wasan makaranta ba ne da muka saba, inda hedimasta zai sa a share fili a kafa tuta. Filin ƙwallon Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum fiye da 107,000. Ƙwallon kuma irin tasu ce, wadda ake runguma a hannu a sheƙa da gudu. Rukuni shi ne jami'o'in da suka yi alkawari za su riƙa karawa da juna kowace shekara, kuma a dā maƙwabtaka ce ke haɗa su, don 'yan wasa su je su komo ba su rasa darasi ba.

Tushen al'amarin yana can baya. A 1951 ƙungiyar da ke kula da wasannin jami'o'i, NCAA, ta ji tsoron idan mutane suka sami wasa a gida za su daina biyan kuɗin ƙofa, sai ta karɓe ikon cinikin talabijin duka ta riƙe. Ita ke yin ciniki da kamfanoni, ita ke ƙayyade sau nawa za a nuna kowace jami'a. Manyan jami'o'i suka ga su jama'a ke so su kalla, amma an ɗaure musu hannu. Jami'ar Oklahoma da ta Jojiya suka kai ƙara, a 1984 Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya, alƙalai bakwai suka rinjayi biyu, aka ce shirin ya saɓa wa dokar hana babakere a ciniki. Ɗaya daga cikin biyun da suka ƙi, Mai Shari'a Byron White, shi kansa shahararren ɗan ƙwallo ne a Jami'ar Colorado lokacin samartakarsa. Ra'ayinsa shi ne 'yan'uwansa sun ɗauki wasan makaranta kamar kasuwanci zalla, sun manta da ilmi. Ba a saurare shi ba.

Daga nan kowa ya kama gabansa. A 1990 Jami'ar Notre Dame ta yi nata ciniki ita kaɗai da kamfanin NBC. Rukunin kudu, SEC, ya ƙara Arkansas da South Carolina ya cika 12, gama dokar wancan lokaci ta ce sai mai 12 ke da izinin yin wasan ƙarshe na fid da gwani, ga shi kuwa wasan nan haja ce mai tsada. Aka fara shi a 1992. A 1996 tsohon rukunin Southwest ya watse, aka tsince jami'o'i huɗu masu 'yan kallo aka shigar da su Big 12, aka bar huɗu suna neman mafaka.

To, ta ina kuɗin ke fitowa? Ƙofa biyu ce. Ta fari talla: wasa abu ne da mutum ke so ya gani sa'ad da ake yinsa, ba ya ajiye shi sai gobe, saboda haka tilas ya zauna ya ga tallar da aka cusa a tsakani. Ta biyu ita ce kuɗin wata da magidanta ke biya don a jawo musu tashoshi ta waya. A nan ne wayon yake. A 2007 Big Ten ya buɗe tasharsa tare da kamfanin Fox, kuma abin da tashar ke samu daga kowane gida ya fi yawa ainun idan gidan yana yankin da rukunin ke da jami'a, ko mai gidan yana kallon ƙwallo ko ba ya kallo. Akawun da ya taɓa ƙidayar haraji zai gane lissafin nan da nan: ba ƙarfin mutum ake dubawa ba, yawan kawuna ake ƙirgawa. Shi ya sa a 2014 aka shigar da Maryland da Rutgers. Rutgers tana da tarihi, ita ta buga wasan farko na jami'o'i da Princeton a 1869, amma ba don wannan aka ɗauke ta ba, ba kuwa don gwaninta ba. Tana bakin birnin Niyok ne.

A 2021 Teksas da Oklahoma suka ce za su koma SEC. A 2022 manyan jami'o'i biyu na birnin Los Anjalis, USC da UCLA, suka ce su ma za su koma Big Ten, bayan 'yan makonni kuma rukunin ya ƙulla ciniki da Fox da CBS da NBC na wajen dala miliyan dubu 7 cikin shekara bakwai. Da Pac-12 ya rasa Los Anjalis sai kasuwarsa ta faɗi. Dā ma yana da wata matsala wadda ba shi da maganinta: wasan da aka fara ƙarfe bakwai da rabi na dare a Kalifoniya, ƙarfe goma da rabi ne a gabas, inda mutane suka fi yawa, sun kuwa fara gyangyaɗi. Tayin da ya rage a hannunsa na kamfanin Apple ne, ta intanet, kuma yawan kuɗin ya dogara ga yawan waɗanda za su yi rajista. Shugabannin jami'o'i suka duba, suka ga tsuntsun ba a hannu yake ba, kowa ya nemi hanya.

Ga inda aka kwana a 2024: rukunin da sunansa ke nufin Manya Goma yana da jami'o'i 18, mai sunan 12 yana da 16, Stanford da Jami'ar Kalifoniya kuwa, waɗanda ke gaɓar tekun Pasifik, suna cikin rukunin ACC, wanda sunansa ke nufin gaɓar Atlantika. Jami'ar SMU ma, don dai a karɓe ta cikin ACC, ta yarda ta yafe rabonta na talabijin har shekara tara.

Masu kāre wannan shiri suna da hujja, bai kamata a ɓoye ta ba. Sun ce ƙwallon nan ita ke ciyad da sauran wasanni, su ninƙaya da guje-guje da wasannin mata, waɗanda galibinsu ba su kawo riba. Gaskiya ne. Amma waɗannan ɗin ne kuma ke shan wahalar tafiya. 'Yan ƙwallo sau ɗaya suke wasa a mako, wajen sau 12 a shekara, a jirgin da aka yi musu shata. Yarinyar da ke wasan ƙwallon raga kuwa wasanninta sun ninka haka, waɗansu a tsakiyar mako. Daga Los Anjalis zuwa Rutgers ya fi mil 2,400, watau ya ninka tafiyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko sau uku da ɗoriya, ga bambancin agogo na awa uku. Malamin da ya taɓa koyar da yaron da ya kwana a hanya ya san abin da ke shiga kansa da safe. A ganinmu nan ne hujjar ta yi rauni, balle idan aka tuna a jihohi da dama ma'aikacin da ya fi kowa albashi daga cikin ma'aikatan hukuma shi ne mai koyar da ƙwallo, waɗansu har sun haura dala miliyan 10 a shekara.

Da kuɗi ya yi yawa haka, zancen cewa ɗan wasa ɗalibi ne kawai, ba ya cin ladan wasa, ya kasa tsayuwa. A 2021 Kotun Ƙoli ta sake kā da NCAA a kan iyakar da ta sa wa taimakon karatu, a shekarar kuma aka yarda 'yan wasa su karɓi kuɗin talla da sunansu. A watan Yuni 2025 kotu ta amince da sulhu: za a biya 'yan wasan baya wajen dala miliyan 2,800, kowace jami'a kuma tana iya raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20 da rabi a shekarar farko. Wannan adalci ne ga yaran, ba shakka. Sai dai sabon nauyi ne a kan jami'o'i, kuma wadda rabonta na talabijin ya yi kaɗan ita za ta fi jin jiki.

Biyun da aka bari ba su zauna suna kuka ba. Sun kai ƙara sun sami ikon riƙe dukiyar Pac-12, sa'an nan suka juya kan rukunin da ke ƙasa da su, Mountain West, suka janyo jami'o'i biyar, har da Boise State da San Diego State, bisa alkawarin shiga a 2026. Abin da aka yi musu shi suka yi wa na baya. A ACC kuma Florida State da Clemson sun kai rukuninsu ƙara, aka sulhunta a 2025 bisa cewa za a riƙa raba wani kashi na kuɗin gwargwadon yawan masu kallon kowace jami'a, aka kuma rage tarar fita shekara bisa shekara. Cinikin talabijin na Big Ten zai ƙare a 2030, na Big 12 a 2031, na SEC a 2034.