Karen Farauta Ba Kwaɗon Ƙofa Ba Ne

"Ka ƙara masa sarƙa, ka rage masa tuwo, zai yi zafi." Shawarar ke nan da wani babba a unguwarmu ya bai wa maƙwabcinmu a taron tsaro na ƙarshe da aka yi a nan Mando, kuma aka bi shi da gyaɗa kai, babu wanda ya ce uffan. Duk mazaunin layin ya san karen da ake magana a kai. Maƙwabcin namu ne ya tsince shi a wajen tasha da ƙafa a karye, ya kai shi wurin likitan dabbobi, ya yi ta jinya har ya miƙe. Da ya miƙe sai ya nuna ko shi wane ne: doguwar ƙafa, siririn ƙugu, zurfin ƙirji, karen farauta na asali. Ya tone tsakar gida, ya kashe kaji, ya tsallake katanga ba sau ɗaya ba. Mai gidan ya ce abin ya fi ƙarfinsa, zai nemi mafarauci ya ba shi. Laifinsa ke nan. Tun daga ranar ake masa kallon rago, wanda ya zubar da kuɗin magani a banza, wanda zai kyautar da mai gadi a lokacin da kowa ke neman mai gadi.

Ni ina tare da mai gidan, kuma a ganina shi kaɗai ne ya yi maganar hankali a wurin. Ra'ayin nan da ya yi katutu a garin nan, cewa kowane kare mai gadi ne in dai an ɗaure shi an ja masa yunwa, jahilci ne da zalunci a haɗe, kuma ƙafafun 'ya'yanmu ne ke biyan kuɗinsa.

Karen farauta don gudu aka halicce shi. Kakanninmu sun yi shekaru aru-aru suna zaɓen kwikwiyon da ya fi sauri, wanda idonsa ke hango zomo tun daga nesa, suna barin shi ya hayayyafa, har jinin ya zama abin da ya zama. Danginsa ne karnukan Azawak da Buzaye ke kiwo a Nijar da Mali, waɗanda yau Turawa ke saya da tsada. Irin wannan kare in ya ga abu ya gilma da gudu, ba ya shawara da kowa, ƙafarsa ce ke yanke hukunci. Kaza ce, akuya ce, yaro ne a kan keke, duk ɗaya ne a idonsa. Wannan ba iskanci ba ne, ba kuma rashin horo ba ne. Aikinsa ne yake nema, an hana shi. Mafarauci na fita da shi tun asuba, ya yini yana ratsa daji, ya dawo da yamma ya kwanta shiru ko tari ba a ji. Ka ɗauko wannan dabba ka kulle ta a gidan haya mai tsakar gida taku goma, sannan ka zo kana mamakin me ya sa ta haukace?

Ku leƙa bayan ƙofofin ƙarfen nan na Mando ku gani da idonku. Kare ɗaure da guntuwar sarƙa a jikin tsohuwar taya ko ƙarfen taga. Ƙasan wurin ya zama da'ira, ya goge ta da kai-komo har ta yi santsi. Gashin wuyansa ya zube, fatar ta saɓule, ƙudaje na bi. Kunnensa cike da kaska. Kwanon ruwan ya kife tun hantsi, ba wanda ya kula, ga ranar Afirilu tana dukan kwanon rufin akurkinsa. Da dare kuma ya yi ta kuka, ba haushin ya ga ɓarawo ba, kukan wanda ya gaji da rayuwa, har maƙwabta su daina bambance haushin gaske da na ƙunci. Ranar da ɓarawon ya zo da gaske, kowa zai gyara kwanciya ne ya ce ai karen gidan Alhaji ne, ya saba.

Za a ce mini rashin tsaro. Na sani, a nan nake kwana. Ban manta daren 11 ga Maris 2021 ba, da aka kwashi ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka, nan kusa da mu. Ban manta Agustan shekarar ba, da aka shiga har cikin makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA aka kashe hafsoshi biyu aka tafi da ɗaya. A Maris 2022 an kai hari filin jirgin saman Kaduna. Duk wannan a gefenmu ya faru. To mutanen da suka keta katangar barikin soja, su ne ramammen kare mai sarƙa a wuya zai tare? Tsoronmu gaskiya ne, amma bai ba mu lasisin huce haushinsa a kan dabba ba. Wanda ke son tsaro ya biya kuɗin 'yan sintiri da ake bin sa bashi wata da watanni, ya gyara fitilar ƙofar gidansa, ya san sunan maƙwabcinsa. Waɗannan su ne abubuwan da ake kawowa a taro kowa ya sunkuyar da kai, amma da an zo zancen azabtar da kare sai baki ya buɗe.

Shi kuma zafin da ake nema da yunwa da sarƙa, wa yake ƙonawa? Ba ɗan bindiga ba. Ranar da sarƙar ta tsinke, kuma tana tsinkewa, wanda ke bakin ƙofa shi ne almajiri da robarsa, ko mai ruwa da kurarsa, ko yarinyar da aka aiko karɓo wuta. Kare da aka yi wa horon yunwa da duka bai san ɓarawo ba, bai san baƙo ba, abin da ya sani shi ne duk mai ƙafa biyu abin tsoro ne. Har akwai masu zuba wa kare barkono a abinci, wasu ma su ba shi kayan maye wai don ya yi faɗa. Wanda ya yi haka ba mai gadi ya tanada ba, masifa ya ajiye wa layinsu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu fakewa da addini. Mutum ya ce kare najasa ne, don haka ba zai taɓa shi ba, ba zai wanke masa miki ba, ba zai fita da shi ya miƙe ƙafa ba, amma kuma ba zai rabu da shi ba. A wane littafi ya karanta wannan? A mazhabar Malikiyya da aka rene mu a kai, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki bin umarni ne. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo. Hadisi ya yi rangwamen ajiye kare don farauta da kiwo da noma. Kuma kowane ɗan Islamiyya ya san labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abincinta ba, da labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya ce a rage wa ɗaurarren kare tuwo, ya zauna ya duba a cikin waɗannan biyun wa ya fi kama da shi.

Su kuma masu cewa in ya gaji da shi ya kai shi bakin bola ya sake, ko ya sayar wa masu lodin karnuka zuwa kasuwar Dawaki a Filato, ba su fi na farko ba. Karen da aka yasar a titi shi ne gobe zai haɗu da mahaukacin kare ya kwaso ciwo ya shigo da shi lungu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta cizon kare, kuma kaso mai yawa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Ga kwalejin noma da kiwon dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello a kan titin Mando, ga cibiyar Vom da ke haɗa allurar rigakafin karnuka, amma a tambayi masu karnukan layinmu mutum nawa ne ke da katin allura. Sun san kuɗin sarƙa, ba su san kuɗin rigakafi ba. Yaro kuma in kare ya cije shi, maimakon a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 a garzaya asibiti, sai a tsaya neman gashin karen a ƙona a shafa.

Ban kuma ƙyale manyanmu na sababbin gidaje ba, masu sayo ƙattin karnukan tsaunukan Kokeshiya masu gashi buzu-buzu, waɗanda aka yi domin dusar ƙanƙara, su ajiye su a zafin Kaduna suna haki harshe a waje, don dai a ce gidan wane akwai karen waje. Su ne suka koya wa talaka cewa kare kayan ado ne da nuna isa. A can Ingila da ake kwaikwayo, akwai irin wannan karen gudun, ruwa-biyu tsakanin karen tsere da karen kiwo, kuma gidajen ceton dabbobi cike suke da su. Kafin su ba ka ɗaya sai sun tambayi tsawon katangarka da lokacin da kake da shi na fita da shi. In ka ɗauka ka kasa, ka mayar, su nema masa wani gidan, ba wanda zai kira ka rago. Wannan ɓangaren ne ba mu kwaikwaya ba.

In aka bi diddigi ma, ba karen ake ƙi ba, wanda za a bai wa ake rainawa. Da maƙwabcin nan cewa ya yi zai kai shi gidan wani babban soja, da an yaba masa. Amma mafarauci? Ɗan birni ya daɗe yana yi wa mafarauci kallon ɗan tauri, mashayi, mai warin daji. Ranar tsanani kuwa shi ake nema. A Nuwamba 2014 mafarauta na cikin waɗanda suka taya sojoji ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram. A Maris 2025 da aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, suna kan hanyar komawa gida Sallah, duk mun yi kuka mun cika Facebook da ta'aziyya. Bayan sati biyu muka koma toshe hanci in motarsu ta wuce da karnuka a baya. Mutumin da ke raba tuwonsa da karnukansa, ya san sunan kowanne, ya ɗauko shi a kafaɗa in ya ji ciwo a daji, shi ne muke ganin bai cancanci a ba shi kare ba, mu da ba mu iya cika kwanon ruwa.

Don haka, maƙwabcina, kada ka saurari kowa. Ka yi masa allurar haukan kare ka karɓi kati. Ka nemi Sarkin Baka na yankin nan ya haɗa ka da mafarauci na ƙwarai. Ka je da ƙafarka ka ga karnukan mutumin: in ka ga haƙarƙari a waje da miki a wuya, ka juyo da abinka ka nemi wani. Kada ka karɓi ko sisi, domin wanda ya saya yana iya sayarwa, wanda aka bai wa amana kuwa ana iya tambayarsa. Ka gaya masa gaskiyar halinsa, har da karayar ƙafar da kajin da ya kashe. Ka ceci ransa sau ɗaya da ka ɗauke shi daga bakin tasha, miƙa shi ga mai daji shi ne cikon aikin. Taron tsaro na gaba kuma, a fara da kiran sunayen masu karnuka, kowa ya ajiye katin allurarsa a kan tabarma, sannan a ba shi damar yin magana.